"Bincike ya nuna": to ina sauran binciken aikin ƙashin baya da ba mu gani ba?

Kawuna ya yi kusan shekara talatin yana jan atikuleta daga Tema zuwa Wagadugu, mutumin da a da yake kwana biyu a kan sitiyari ya sauko ya ci tuwo ya koma, yanzu daga ƙofar gidansa a Aboabo, nan Kumasi, zuwa masallacin layinsu sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango, ƙafar hagu ta ɗauki sanyi kamar ba tasa ba, sallah ma a kujera yake yinta. An sha saiwa, an shafa man zafi, an je gashin ƙashi, daga ƙarshe dai muka kai shi asibiti aka ɗauki hoton MRI. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mana inda hanyar jijiyoyi ta matse a ƙasan baya, da wani ƙashi da ya ɗan zame gaba ya bar layin 'yan uwansa. Ya ce aiki iri biyu ne, ko a buɗe hanyar kawai a sakar wa jijiya wuya, ko a buɗe sannan a sa kusoshi da sandunan ƙarfe a haɗe ƙasusuwan biyu su zama ɗaya. Kawu ya ce "to Dakta, in mahaifinka ne wanne za ka zaɓa masa?" Likitan ya yi murmushi ya ce "Alhaji, bincike ya nuna..." ya ci gaba da bayani.

Likitan nan mutumin kirki ne, ya ba mu lokaci, ban da ƙorafi a kansa ko kaɗan. Amma kalmar nan ta "bincike ya nuna" ta tsaya mini a rai tun a cikin trotro muna komawa gida. Wane binciken? Kuma duk binciken da aka yi ne ya nuna, ko wanda aka ga damar fitarwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Kejetia ya saurari mai magani da lasifika ya san yadda abin yake. Zai kira maka wance ta Tafo da ta warke, da wane na Asawase da ya jefar da sanda, kuma mai yiwuwa ba ƙarya yake ba, sun warke ɗin. Abin da ba zai taɓa faɗa ba shi ne mutum nawa suka saya, nawa ne abin bai yi musu komai ba, nawa ne ya ƙara musu ciwo. Su waɗannan ba sa dawowa su kama lasifika. Maganin asibiti ya bambanta da wannan ne saboda abu ɗaya, ana ƙirga kowa, wanda ya warke da wanda bai warke ba. To in aka wayi gari ana ƙirgawar amma sai a zaɓi wanda za a faɗa wa duniya, kaga an koma Kejetia kenan, sai dai wannan karon da farar riga da turanci.

Gwajin asibiti shi ne a ɗauki marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya, su yarda su sa hannu, a raba su gida biyu da ƙuri'a, waɗannan a yi musu kaza, waɗancan a yi musu kaza, sai a bi su. A harkar baya bibiyar tana da tsawo, shekara biyu ita ce aka saba, saboda ƙashi ba ya haɗuwa a sati guda kuma ciwon da ya tafi a wata na uku yana iya dawowa a wata na ashirin. Ana auna zafin ciwo, ana auna yadda mutum yake iya zama da tsayuwa da tafiya da ɗaukar kaya da barci da wani ma'auni da ake kira Oswestry, daga 0 zuwa 100, ana duba hoto a ga ko waldar ƙashin ta kama, ana ƙirga waɗanda sai da aka sake buɗe su. Duk wannan wahala, da kuɗi, da bayan mutane, in aka gama aka jefa a durowa to kamar ba a yi ba ne. Ya ma fi rashin yi muni, don wanda ya yi kyau shi za a buga, sai ma'auni ya karkata.

Turawa sun daɗe da gane wannan matsalar. A shekarar 2000 Amurka ta buɗe wata babbar rajista mai suna ClinicalTrials.gov, ƙarƙashin ɗakin karatun likitanci na ƙasar, inda ake rubuta gwaje-gwaje. Da farko mutane ba su damu da ita ba, sai da editocin manyan mujallun likitanci suka haɗa kai a 2004 suka ce daga 2005 duk gwajin da ba a yi wa rajista tun kafin a fara ɗibar mutane ba, ba za su buga shi ba. Nan da nan aka cika rajista, don likitan jami'a in ba a buga aikinsa ba ba zai samu ƙarin girma ba. Amma rajista alkawari ne kawai, kamar ka ce "zan yi tafiya", ba ta gaya mana me ka samo ba.

Sai 2007 majalisar Amurka ta yi dokar da ta tilasta abu biyu. Na ɗaya, ka yi rajista cikin kwana 21 da ɗaukar mutum na farko. Na biyu, kuma shi ne batunmu, ka saka sakamako a rajistar cikin wata 12 daga ranar da ka gama auna babban abin da ka ce za ka auna a kan mutum na ƙarshe. Ba sai ka jira mujalla ba, ba sai sakamakon ya yi daɗi ba. Kuma ba labari ake so ka rubuta ba, tebur ne na lambobi: mutum nawa suka shiga, nawa suka fita a hanya kuma me ya fitar da su, shekarunsu da yanayinsu a farko, abin da aka samu a kowane ɓangare, sannan duk wata illa da ta faru, babba da ƙarama, har da mutuwa. Wanda nauyin yake kansa shi ne mai ɗaukar nauyin gwajin, kamfani ne ko jami'a, ko babban mai binciken da aka damƙa wa. Akwai ƙofar jinkiri, in kamfani yana kan neman izinin sayar da kayan zai iya neman a ɗaga masa har zuwa shekara biyu. Wanda ya ƙi, bayan an gargaɗe shi an ba shi kwana 30, tara za ta iya kaiwa dala 10,000 a kowace rana, kuma adadin yana hawa da tsadar rayuwa. A rana fa, ba a wata ba. Dokar ta zo da wurare masu duhu da kowa yake fassarawa yadda ya ga dama, sai da aka ɗauki shekara tara kafin a fitar da cikakkun ƙa'idoji a Satumbar 2016, suka fara aiki ranar 18 ga Janairu 2017.

To ana bi? Hmm.

A 2015 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wani lissafi na gwaje-gwaje sama da dubu goma sha uku da ake ganin dokar ta hau kansu, kashi 13 cikin ɗari ne kacal suka saka sakamako cikin wata 12. Aka ce ai saboda dokar ba ta fito fili ba ne, a jira sababbin ƙa'idoji. Aka jira. A Janairun 2020 masu bincike daga Jami'ar Oxford, cikinsu har da Ben Goldacre, suka buga nasu a mujallar Lancet, gwaji 4,209 da lokacinsu ya cika a ƙarƙashin sababbin ƙa'idojin, kashi 41 cikin ɗari ne suka kawo a kan lokaci, in aka haɗa da masu latti ya kai kusan kashi 64, sauran shiru kake ji. Abin da ya ba ni mamaki, kuma na san zai ba wasu, manyan kamfanoni sun fi jami'o'i da asibitocin koyarwa bin doka. Mu da muka saba zargin 'yan kasuwa, ashe a wannan fagen malaman jami'a ne suka fi sakaci. Dalili ba ɓoyayye ba ne, kamfani yana da lauyoyi da ofis guda da aikinsa kenan, jami'a kuwa ta bar wa farfesa da ɗalibinsa. A Turai ma da aka duba a 2018 haka aka gani, kusan rabi ne suka kawo, kamfanoni kashi 68, waɗanda ba kamfanoni ba kashi 11. Kuma har lokacin da binciken Lancet ya fito ba a ci tarar kowa ko dala ɗaya ba. Takardar gargaɗi ta farko a hukumance ma sai a Afrilun 2021 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta aika wa wani kamfanin magani, shekara goma sha huɗu bayan yin dokar. Dokar da ba a hukunci a kanta ai shawara ce, duk direban da ya san shingen da ba kowa a kai ya san abin da nake nufi.

Yanzu mu shigo gida, ƙashin baya. A 2015 mujallar The Spine Journal ta buga wani ɗan bincike da ya bi sawun gwaje-gwajen baya da aka yi wa rajista aka kuma kammala, guda 72, aka samu 28 ne kawai suka fito a mujalla. Wato a cikin biyar, uku sun shige daji. Amma matsalar baya ta wuce ƙin bin doka, ita dokar kanta ba ta rufe fagen duka ba, kuma wannan shi ne wurin da mutane da yawa ba su gane ba.

Dokar 2007 tana magana ne a kan magani da na'ura, abin da FDA take da iko a kansa. Ita tiyata kanta, yadda likita yake yanka, ta gaba zai shiga ko ta baya, ƙaramar huda zai yi ko babban buɗi, wannan ba kaya ba ne da ake sayarwa a kwali, babu hukumar da take ba shi lasisi. Saboda haka gwajin da yake kwatanta salon aiki biyu, ba tare da yana nazarin wata na'ura ko magani ba, yana iya zamewa daga hannun dokar gaba ɗaya, sai dai in kuɗin gwamnatin Amurka na NIH, hukumar binciken lafiya ta ƙasar, aka yi shi da shi, ita tana da nata sharaɗin tun 2017 da ya hau kan duk gwajin da ta biya. Ƙananan gwaje-gwajen farko na na'ura, na a ga ko abin zai yiwu, su ma an cire su. Sannan ga babbar ƙofa: yawancin kusoshi da sanduna da kejin da ake sa wa a baya suna shiga kasuwar Amurka ne ta hanyar da ake kira 510(k), inda kamfani zai nuna kayansa sun yi kama da wani da yake kasuwa tun da, kuma galibi ba a neman gwaji a kan mutane. In ba a yi gwaji ba, me za a ɓoye, me za a bayyana? Kamar a Suame Magazine, unguwar kanikawa, ne a ce maka wannan sifiya daidai take da ta asali, ka ɗaura ka kama hanyar Techiman, kai ne gwajin.

Labarin da ya fi nuna haɗarin abin shi ne na Infuse. Bari in ɗan tsaya a kansa.

In za a haɗe ƙasusuwan baya biyu, ƙarfe riƙo kawai yake yi, ainihin waldar ƙashi ne yake yinta. Tun da can likita yakan ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugun mara lafiya ya zuba a wurin don sabo ya tsiro, kuma wurin da aka ɗebo ɗin yakan yi ciwo. Sai kamfanin Medtronic ya zo da wani sinadari mai sa ƙashi ya tsiro, BMP-2, da sunan kasuwa Infuse, aka ce an huta da taɓa ƙugu. FDA ta amince da shi a 2002, amma don aiki iri ɗaya tak, a ƙasan baya, gaɓa ɗaya, a shiga ta gaba, a cikin wani keji na musamman. Likitoci kuwa suka kama amfani da shi ta ko'ina, ta baya, a wuya, har aka ƙiyasta mafi yawan amfanin da ake yi da shi, wajen kashi 85, ba a kan abin da aka ba da izini ba ne. A 2008 FDA ta fitar da gargaɗi, an samu mutanen da aka sa musu a wuya wuyan ya kumbura har numfashi da haɗiya suka gagara, wasu sai da aka zura musu bututun numfashi.

A Yunin 2011 editan The Spine Journal, Eugene Carragee na Jami'ar Stanford, ya ware fitowar mujallar guda sukutum a kan wannan magana. Shi da abokan aikinsa suka koma kan takardu 13 na farko da kamfanin ya ɗauki nauyinsu, mutum 780, suka ga babu ko ɗaya da ta danganta wata illa ga sinadarin. Ko ɗaya! Kai ko panadol yana da illa. Da suka kwatanta da bayanan da aka miƙa wa FDA da sauran majiyoyi sai suka ce haɗarin ya ninka abin da aka buga sau 10 zuwa 50, akwai ƙashi da yake tsirowa inda ba a so ya danne jijiya, akwai narkewar ƙashi, akwai ciwon ƙafa, akwai matsalar da maniyyi yake komawa mafitsara, wanda ga saurayi da bai haihu ba wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Oktoban 2012 kwamitin kuɗi na majalisar dattawan Amurka ya fitar da rahoto cewa kamfanin ya biya likitocin da suka rubuta takardun nan kusan dala miliyan 210 a cikin shekara goma sha biyar, na shawara da na haƙƙin ƙirƙira da sauransu, kuma ma'aikatansa sun sa hannu wajen gyara rubutun. Kamfanin ya musanta cewa ya ɓoye illa. Amma ya yi wani abu da ya kamata a faɗa, ya ba Jami'ar Yale dala miliyan biyu da rabi da duk bayanan marasa lafiyar ɗaya bayan ɗaya, Yale ta ba ƙungiyoyi biyu da ba su haɗa hanya ba, ɗaya a Oregon ɗaya a York ta Ingila, kowa ya yi nasa lissafin. A 2013 suka fito, kuma bakinsu ya zo kusan ɗaya: fifikon da sinadarin yake da shi a kan ƙashin ƙugu wajen sauƙin ciwo da walwalar mutum kaɗan ne ko babu, kuma takardun farko sun rage illa sun ƙara armashi.

Ka lura da wani abu a nan. Waɗannan gwaje-gwajen an buga su fa, ba a durowa aka bar su ba. Shi ya sa masu cewa "ai mun buga a mujalla, me ya sa sai mun cike tebur a rajista" ba su da hujja. A mujalla marubuci ne yake zaɓar abin da zai haska, zai iya cewa babban abin da ya auna shi ne haɗuwar ƙashi a hoto alhali tun farko ciwo ya ce zai auna, zai iya ture illa zuwa layi ɗaya a ƙarshe. A rajista akwai abin da ka rubuta tun ranar farko da kwanan wata, kowa yana iya ganin in ka canza, kuma teburin illa ba ya tambayarka ko kana ganin laifin kayanka ne, cewa yake lissafo duk abin da ya faru. Shekara goma sha ɗaya tsakanin 2002 da 2013, bayan mutum nawa aka buɗe a ciki?

Shi kuwa sakamakon da "bai yi daɗi ba", wanda ake jin kunyar fitarwa, sau da yawa shi ne mai tsada. A 2009 aka buga gwaji biyu a kan zuba siminti a ƙashin baya da ya murƙushe saboda tsufa, ɗaya mutum 78 a Ostareliya, ɗaya mutum 131, inda aka yi wa rabi aikin gaske rabi kuma aikin bogi, har warin simintin ake sa su ji don kar su gane. Ba a ga wani bambancin kirki ba. Likitoci sun yi ta jayayya a kai har yau, amma aƙalla da lambobi ake jayayyar. Sannan tambayar Kawu kanta, a buɗe kawai ko a haɗa da ƙarfe, a Afrilun 2016 gwaji biyu suka fito rana ɗaya a mujalla ɗaya. Na Suwidin, mutum 247, ya ce ƙarfen bai ƙara komai ba a shekara biyu da shekara biyar, sai ƙarin zubar jini da kwana a asibiti da kuɗi. Na Amurka, mutum 66, ya ce masu ƙarfe sun ɗan fi samun sauƙi kuma ba a cika sake buɗe su ba. A 2021 na Norway ya zo ya ce buɗewa kawai bai gaza haɗawa da ƙarfe ba. Yanzu ka ɗauka na Suwidin da na Norway sun kwana a durowa, na Amurka ne kaɗai ya fito. Likitan Kawu zai ce "bincike ya nuna a sa ƙarfe", da zuciya ɗaya, ba tare da ya yi ƙarya ba, mu kuma mu je mu sayar da fili.

Ba duk mai shiru ne mugu ba, wannan gaskiya ce. Gwajin tiyata yana da wuyar samun mutane, wa zai yarda ƙuri'a ta yanke masa a buɗe bayansa ko a'a, sai a nemi ɗari biyu a samu talatin a tsaya, mai binciken ya ce wannan ai ba abin nunawa ba ne, alhali doka ta ce ko an tsaya a hanya a kawo abin da aka samu. Ɗalibin da ya riƙe fayil ya gama karatu ya tafi. Ƙaramin kamfanin na'ura ya karye ko babba ya saye shi ya ajiye kayan. Fom ɗin rajistar ma ba wasa ba ne, ma'aikatanta suna dubawa su dawo maka da shi ka gyara, wasu daga dawowar farko sai su watsar. Na ji duk wannan. Amma wanda ya iya cike takardar neman kuɗin bincike mai shafi hamsin, bana jin tebur huɗu ne zai gagare shi.

Wani zai ce to mu a Kumasi ina ruwanmu da dokar Amurka. Ruwanmu ne tsundum. Ƙarfen da ake sa wa a bayan mutum a Komfo Anokye ko Korle Bu ko asibitin FOCOS na Pantang, wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei, ɗan Kumasi da ya yi suna a New York, ya kafa, ba a Suame ake ƙera shi ba, shigo da shi ake yi. Ilimin da ake yanke hukunci da shi ma mafi yawansa shigo da shi ake yi. In ruwa ya gurɓace daga sama, na ƙasa ba shi da yadda zai yi. Kuma mu kuskure ya fi yi mana tsada, Ba'amurke in aikin farko bai yi ba inshora za ta biya na biyu, mu kuwa kuɗin na farkon ma sai an yi karo-karo a dangi, an kira na Jamus an kira na Bronx, an sanar a masallaci. Ga likitocin baya 'yan ƙalilan, ga 'yan kaya-yei da masu dako da direbobi da masu ɗinki da bayansu yake ƙarewa tun kafin su kai hamsin.

A ɓangaren namu tsarin, Ghana ba ta zauna haka ba. Dokar lafiyar jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta ba FDA ta Ghana ikon ba da izinin gwaji da sa ido a kai, akwai kwamitocin ɗa'a masu tantance bincike kafin a fara shi irin na Jami'ar KNUST ta Kumasi, akwai rajistar Afirka ta PACTR da take Afirka ta Kudu wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Ita hukumar ta duniya tun 2015 ta ce a saka sakamako a rajista cikin wata 12, a buga a mujalla cikin wata 24, kuma yarjejeniyar Helsinki ta likitocin duniya ta ce a fitar da sakamako ko mai kyau ko mara kyau ko wanda bai nuna komai ba. Sai dai waɗannan kira ne, ba su da ɗan sanda. A ganina kwamitin ɗa'a shi ne yake riƙe da wuƙa da nama, in mai bincike ya zo neman izinin sabon gwaji a tambaye shi ina sakamakon na baya, in babu ya koma ya kawo. Ba sai an ci tarar kowa dala ba.

Kuma mu mutanen Zango muna da wani dalili na daban. Kowa ya san abin da ya faru a Kano a 1996 da gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin sanƙarau, da yadda ya bar tabo har ya shafi rigakafin shan inna shekaru bayan nan. Mun ga yadda aka tayar da ƙura a Hohoe a 2015 kan gwajin rigakafin Ebola har aka dakatar. Mun kuma ga ɗaya gefen, iyaye a Kintampo da Agogo sun ba da 'ya'yansu aka gwada rigakafin maleriya, aka fitar da sakamako duniya ta gani, yau ga shi ana yi wa yara. Mutumin da ya dangwala hannu ya kwanta aka buɗe bayansa cikin gwaji, an gaya masa ne ko kai ba ka amfana ba na bayanka za su amfana. A kan wannan ya yarda. In aka danne sakamakon an ci amanarsa, kuma a fiƙihun ciniki da muka koya a makarantar allo ma, mai kaya in ya san aibi dole ya faɗa, shirunsa ba ya wanke shi.

Daren da muka dawo na zauna a waje inda netwok ya fi kamawa na buɗe ClinicalTrials.gov a waya, kyauta ne, ba rajista ba komai. Kowane gwaji yana da lamba da ta fara da NCT sai lambobi takwas. Ka rubuta sunan ciwon da turanci kamar yadda yake a takardar MRI, ka zaɓi waɗanda aka kammala, sai ka duba ranar gamawa ka duba ko akwai sakamako. Na yi ta gangarawa, wannan an gama shekara shida da suka wuce, babu, wancan shekara tara, babu, wani an tsaya saboda ba a samu mutane ba, wani ma ba a san halin da yake ciki ba don masu shi sun daina taɓa shafin. Wasu daga ciki ƙila sun fito a mujalla, wasu ƙila dokar ba ta hau kansu ba tun asali, amma kowane layi da na wuce mutane ne da aka yi wa allurar barci aka kifa su a kan tebur.

Da safe na kai wa Kawu koko da ƙosai na yi masa bayani iya yadda zan iya, na Suwidin da na Amurka da na Norway. Ya saurara har na gama, ya ce "ɗana, to duk wannan turancin, a yanka ni ko kar a yanka?" Na ce Kawu wannan ba ni zan faɗa ba, likita ne ya ga hoton, amma in mun koma zan tambaye shi abu uku, me ya gani a bayanka da ya sa yake ganin ƙarfen ya zama dole, ƙarfen wane kamfani ne kuma an taɓa gwada shi a kan mutane, sannan a cikin waɗanda shi da kansa ya yi wa irin aikin nan nawa ne suka dawo aka sake buɗe su. Kawu ya ce in rubuta a takarda kar in je can in ga farar riga in manta. Ranar Talata za mu koma, ya ce in zo da wuri mu samu lamba.